Furen da Ya Ƙi Takin Tatya

Kakanmu sunansa Bhikaji Dhuri, amma a ƙauyenmu Tembewadi babu mai kiransa haka sai ma'aikacin gidan waya. Tatya kowa yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, kuma tun yana saurayi aka san shi da abu ɗaya: duk abin da ya sa a ƙasa sai ya yi. Shekara shida ya yi a wata masaƙa a Mumbai, ranar da aka aiko cewa mahaifinsa ya kwanta ya tattaro kayansa, bai sake komawa ba.

Sirrinsa taki ne, ba ya kuma ɓoyewa. A bayan garken ɓaunayensa akwai rami uku, na kashin bana, na bara, da na bara waccan. Yakan cusa hannu cikin na ukun ya damƙo, ya murza, ya shinshina kamar mai zaɓen ganyen shayi. Kafin damina, lokacin da ake ƙona fegin irin shinkafa, shi ake kira ya duba shimfiɗa: busasshen kashin shanu a ƙasa, ganye a kai, sai ciyawa, sannan a yayyafa ƙasa a sa wuta ta ci a hankali. In ya ce ganye ya yi yawa, ragewa ake yi ba gardama. Rabin mangwaron ƙauyen shi ya yi musu aure. Bayan ya je ziyarar ibada a Pandharpur ya rataya 'yar tsakiyar ice a wuya, ya bar nama da kifi gaba ɗaya, a ƙauyen da ko jariri ya san ƙamshin busasshen kifi. Matarsa ta ce shi ya yi alkawari ba ita ba, ta ci gaba da suyarta.

Matar ita ce kakarmu, Aji Shevanta. Ita ba ta gona ba ce, ta fako ce. A saman ƙauyen akwai shimfiɗaɗɗen tudun marmara, matakala ɗari uku da wani abu kafin a kai, kuma can ta yi kiwon ɓauna tun tana 'yar shekara tara. Wata takwas na shekara wurin baƙin dutse ne mai zafi, ko akuya ba ta son tsayawa. Amma in damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a kan dutsen ya jiƙa 'yar ƙasar da ke kai, sai fure ya rufe ko'ina. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi, shuɗi mai ratsin shunayya, wanda yake fitowa dubu-dubu har wurin ya zama kamar an shanya zane. Aji 'yar fako take ce masa, kuma da sunan mace take kiransa kullum.

Tana da shekara sittin da uku santsin gansakuka ya kwashe ta a matakalar rijiya, ƙugunta ya karye. An sa mata ƙarfe, ta warke, tana iya zuwa daga ɗaki zuwa baranda da sandarta mai ƙafa huɗu. Likita ya ce ita da hawan tudu kuma sai dai labari.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta zauna a baranda tana tsintar shinkafa, tana kankare kwakwa, tana yi wa duk wanda ya wuce faɗa a kan abin da ya dace. Sai da watan furen ya kama ne Tatya ya lura da wani abu. Duk yamma in mata sun sauko da dammunan ciyawa a ka, sai ta tsayar da su.

“Ya yi shuɗi?”

“Ya fara, Aji.”

“Gefen tafki fa, wajen dutsen nan mai kama da turmi?”

“Can ma ya cika.”

Sai ta gyaɗa kai ta koma kan faifanta, amma hannun ba ya tsintar komai. Kwana uku a jere Tatya yana jin wannan daga bakin garke. Rana ta huɗu ya ɗauki fartanya ya hau. Ya riga ya yanke a ransa cewa tunda ba za ta iya zuwa wajen furen ba, furen zai zo baranda ya zauna, kuma bai ga wata wahala a ciki ba.

Ita ba ta taɓa kama sunansa ba, Aho take ce masa, shi kuma ya ce mata Aga. Ya dawo ya ajiye dunƙulen laka a gabanta.

“Aga, ga fakonki na sauko miki da shi.”

Ta duba sau ɗaya. “Wannan ai ba ita ba ce.”

“Shuɗi ne, ƙarami ne, a fako na tono. Me ya rage?”

“Kai ma namiji ne, a garin nan aka haife ka, amma ba kai ne mai gari ba.”

Ta sa shi ya zauna ta karanta masa kamannin. Ta ce ya juya furen ya duba ƙeyarsa, tata tana da ɗan tsini a baya kamar ƙahon ɗan maraƙi. Leɓen ƙasa faffaɗa ne, da ɗan farin tudu a tsakiya. Karan siriri ne kamar zaren ɗinki, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, ganyen suna can ƙasa manne da laka, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. In kuma ya ciro ba zai ga saiwa ba, sai fararen zaruruwa masu 'yan ƙulle-ƙulle.

“Shuka babu saiwa? To da me take cin abinci?”

“Ban taɓa tambayarta ba. Ni da ita gaisawa kawai muke yi.”

Washegari ya samo ta gaskiya. Da ya ɗago dunƙulen ya ga ƙasar da take ciki, kaurinta bai kai yatsa ba kuma rabi tsakuwa ce, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko tukunya mai kyau, ya nufi rami na uku.

“Aho, ba ta son taki,” in ji Aji. “Duk inda ɓauna ta yi kashi a fako, ciyawa ce take fitowa, ita sai ta ja gefe.”

“Ke kiwo kika sani. Wannan yunwa ce ta sa ta ƙanƙance haka. Bari ta ɗanɗana abincin gidana ki ga fure kamar tafin hannu.”

Kwana huɗu ta yi ta narke, karan suka kwanta suka zama kamar gashin da ya jiƙe. Ya ce takin ya yi mata ƙarfi, ya sake hawa, ya haɗa da toka. Wannan kwana uku ta yi. Ya ce laifin tukunya ne, ya canza kasko. Kafin ya gama canje-canjensa ruwa ya ɗauke, fako ya bushe, shekara ta wuce. A wajen mai shayi kuwa labari ya riga ya kai.

“Tatya, an ce wani fure da bai kai ƙuda ba ya kayar da kai har sau uku.”

“Wanda ya faɗa maka ya zo ya nuna min gonarsa.”

Ya amsa da dariya, amma abin ya ci masa rai. Aji kuwa ba ta sake ɗaga zancen ba, kuma wannan shirun ya fi tsokanar mai shayi damunsa.

Da bazara ta yi, ita da kanta ta gaya masa cewa irin yana nan kwance cikin ƙurar fako yana jiran ruwa, ba sai ya tono mai rai ba. Ya hau ya kankaro ɓawon ƙasa cikin tafin hannu biyu daga makiyayarsu. A ganinsa wannan karon ya bi maganarta, domin bai sa taki ba. Sai dai ya shimfiɗa ɓawon a kan ƙasar fegin da aka ƙona, wadda a wurinsa ba taki ba ce, ƙasa ce kawai irin ta mutunci. Ruwa ya sauka, kaskon ya yi kore shar. Ciyawa ce, har da shinkafa ƙwaya biyu. 'Yan ganyen da suka leƙo a ƙarƙashi suka shaƙe.

A wannan daminar ce Goggo Sunanda, 'yarsu ta biyu, ta zo hutun biki. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a birni, kuma uwarta ta sha ba ta labarin yaƙin ta waya. Ta hau fako da kanta ta ɗebo ɗan laka, ta wanke shi a farin faranti har zaruruwan suka fito, ta ciro madubin ƙara girma daga jakarta.

“Tatya, matso ka duba ƙulle-ƙullen nan.”

Ya kanne ido ya duba. Ashe ba ƙulli ba ne, 'yan jakunkuna ne kamar mafitsarar kifi, wasu garau, wasu da duhu a ciki.

“Kowace tana da ƙofa,” in ji Goggo. “Akwai ƙananan halittu a cikin jiƙaƙƙen lakan nan, ido ba ya ganinsu. In ɗaya ta taɓa bakin ƙofar, sai jakar ta zuƙe ta ciki ta rufe. Masu duhun nan sun riga sun ci. Shi ya sa take zama inda ƙasa ba ta da komai. Takinka ƙona ta yake yi, in bai ƙona ta ba kuma ya kira mata ciyawa.”

Tatya ya ajiye madubin a hankali. Hannunsa ya tafi kan 'yar tsakiyar icen da ke wuyansa.

“Nama take ci ke nan.”

“Kusan haka.”

“Shekara biyu ina jinyar mai cin nama a barandata.”

Aji ta yi dariya har sai da ta dafe ƙugu. “Shekara arba'in da huɗu kana zaune da wata, yau ka fara jin ciwo?”

“Ayi, kar ki tunzura shi,” Goggo ta ce wa uwarta, ita ma tana danne dariya.

Kwana biyu bai yi zancen fure ba. Mutanen gidan suka ɗauka magana ta ƙare, Aji ma ta sa aka kwashe kaskon daga baranda. A rana ta uku, suna karyawa da gurasar tamba, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, shi dai ba zai sa mata komai a baki ba, in farauta take yi tsakaninta da Mahaliccinta ne, kuma baɗi za a gani.

Shekara ta uku bai nemi tukunya ba. Ya ɗauko wani tubalin marmara da ya rage tun ginin ɗakin girki, ya zauna da kurfi da guduma ya fafe samansa kaɗan, zurfin gaɓar yatsa. Ya wanke shi sau uku. Ya sa shi cikin babban faranti na tagulla da Aji ta zo da shi gidan aure, ya shimfiɗa ɓawon ƙasar fako a ramin, ita kaɗai, ya ajiye a bakin baranda inda rana take taɓawa da safe kuma feshin ruwa yake kaiwa. Ruwan da za a zuba a farantin kuwa na sama ne kawai, wanda ya tara a randa daga bakin rufi, domin dutsen ya riƙa sha daga ƙasa yana zama a jiƙe.

Daga nan aikinsa ya zama kada ya yi komai, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Bayan mako uku 'yan ganye suka fito, ƙanana, kore mai ɗan rawaya. A idon manomi wannan launi ma'anarsa ɗaya ce: yunwa. Yakan tsuguna a gabansu da safe, ya daɗe, ya tashi ya zagaya garke ya dawo.

“Dubi yadda suka yi fari. Ko ruwan wankin shinkafa ne, ɗan cokali ɗaya.”

“Aho, sa hannunka a aljihu.”

“Ba ni da aljihu.”

“To zauna a kansa.”

A gidanmu babu shukar da ba a ciyarwa. Ganyen shayin da aka tace, ruwan wankin kifi, tokar murhu, duk gindin wani abu ake kai su, kuma barin shuka da yunwa a ƙofar gida abin kunya ne kamar barin baƙo. Sai da Aji ta riƙa gadi da sandarta, domin duk maƙwabciyar da ta shigo ta ga farantin, hannunta yakan tafi neman abin zubawa.

Tatya bai iya jurewa gaba ɗaya ba. A ɓoye ya fafe wani ƙaramin dutse ya ajiye bayan garke da ragowar ƙasar, yana ɗiga masa ruwan taki, sirkakke sosai, wanda a cewarsa ko jariri zai iya sha. Cikin kwana goma wannan ya yi kore mai kyau, zuciyarsa ta yi sanyi. Cikin kwana ashirin koren ya zama yauƙi da ciyawa, ya tona da tsinke bai sami zare ko ɗaya ba. Ya kifar da dutsen ya yi shiru da bakinsa. Yanzu saura na baranda kaɗai, kuma in shi ma ya tafi, sai wata shekara, ga Aji tana ƙara nauyin tashi.

Sai kuma ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, kwana tara rana tana dukan ƙasa. Randar ta yi ƙasa, ta ƙare. Ya tsaya a bakin rijiya da guga yana tunani, sannan ya ajiye gugan, domin rijiyar tana kusa da garke, kuma ya daina yarda da duk abin da ya kusanci garkensa. Ya ɗauki tulu ya hau matakala ɗari uku da wani abu, yana da shekara saba'in, ya ɗebo daga tafkin fako. Sau huɗu ya yi wannan hawan. A na ƙarshe ya dawo yana haki, ya zauna a ƙasa ya jingina da ginshiƙi.

“In ka faɗi ka karye, wa zai yi jinyar wa?” in ji Aji. Ta miƙa masa shayi da mazarƙwaila. “Bar shi haka, Aho. Na gan ta shekara hamsin, ya ishe ni.”

“Ni bai ishe ni ba.”

Ruwa ya dawo a kwana na goma. Bayan mako guda wasu zaruruwa suka miƙe daga dutsen, tsawon yatsa, kowane da ɗan ƙulli a kai. Suka tsaya haka kwana da kwanaki kamar sun manta abin da ya fito da su. Tatya ya daina zuwa wajen mai shayi.

Ranar wata Laraba da safe ya fito da bokitin tatsa, ya duba kamar yadda ya saba, ya ajiye bokitin. Uku sun buɗe. Ya durƙusa ya juya ɗaya da ƙarshen farce ya ga tsinin a ƙeya, ya duba leɓen ya ga farin tudun. Bai kira ta ba. Ya je ya yi tatsarsa, ya dawo ya tarar ta riga ta fito ta zauna, sandarta a gefe, tana kallon dutsen.

“Ita ce?” ya tambaya, ko da yake ya sani.

“Ita ce.” Ta ƙara dubawa. “Daga gefen tafki ka kankaro ƙasar nan. Na gabas sun fi wannan haske.”

“Daga gefen tafki ne.”

“Wancan na bayan garken fa, ya yi fure kamar tafin hannu?”

Tatya ya sosa ƙeya. “Wa ya gaya miki?”

“Mutum ya wuce ni kullum da gwangwani a bayansa yana tafiya kamar kaguwa, sai an gaya min?”

Kafin ƙarshen mako sun zama goma sha ɗaya. Tatya ya ƙirga su ya sake ƙirgawa, ya ji sun yi masa kaɗan. Shekara uku, hawa ba adadi, ga abin da ya samu bai cika tafin hannu ba, alhali can sama mutum yana takawa a kan dubbai bai sani ba. Ya faɗa mata haka, yana kallon gefe.

Aji ta ce ya kawo turmi ya kifa, ya ɗora farantin a kai, ya matsar da shi bakin baranda inda babu komai a bayansa sai sararin sama. Ya yi. Ta ce ya ƙara tubali ɗaya a ƙarƙashi. Ya ƙara. Ta jawo kujerarta kusa, ta sunkuya har haɓarta ta kusa taɓa bakin dutsen, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Iska ta taso daga wajen teku, 'yan karan suka kaɗa gaba ɗaya.

Ta daɗe a haka, har ya fara tunanin ko ƙugun ne ya riƙe.

“In ka duba ta nan,” ta ce, “ba ka ganin inda ya ƙare. Zo ka gani.”

Ya zagayo ya durƙusa kusa da ita, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya rufe ido ɗaya.

“Ba wannan idon ba, ɗayan. Sauko da kanka.”

Ya sauko da kai. Ɓaunaye suna ta kuka a garke domin lokacin fitarsu ya wuce, shayin da ke kan dakali ya huce, su biyun kuma suna nan kai da kai a bakin dutsen, kowa da hannu a kan ido ɗaya.